Iskar da Na Ɗora wa Laifi

Mahaifiyata ta rasu ina 'yar shekara goma sha biyu ko kusa da haka, a ƙauyenmu da ke bayan Salka. Inna nake ce mata. Bakambariya ce, Hausarta da ɗan nauyi a harshe, in ta amsa kira sai ta ja ƙarshen maganar kamar za ta fara waƙa. Bayan an binne ta na bar makaranta, na koma kan tukunya da ƙannena. An ci, an sha, an girma. Abin da na fi jin rashinsa ba wani babban abu ba ne a idon mutane. Kiran ne kawai. In shigo gida in ce Inna, a amsa mini.

Kowa ya san yadda muke yi. In aka sa wa yarinya sunan babba, ba a kama sunan, sai a riƙa kiran ta yadda ake kiran mai sunan. To tun ina budurwa na ƙudura a raina, in Allah ya ba ni 'ya mace, sunan mahaifiyata za ta ci. In ce Inna da safe, in ce Inna da yamma, in ce Inna zo ki ci tuwo, ba wanda zai dube ni ya ce na zautu.

Aure ya kawo ni Kontagora, babban gidan su maigidana. Mahaifinsa, da muke ce wa Baba, shi ne mai gidan. Mahaifiyarsa kuwa Hajiya kowa ke ce mata. Akwai yayansa da matarsa a ɗaya sashen. Maigidana makanike ne na manyan injunan dizal, irin janaretan da ke riƙe asibiti ko masana'anta. Ya yi aiki a Legas, kuma wani tsohon ubangidansa na can ne ya samo masa wannan tafiyar. Wai Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu ƙasa sai ƙanƙara. Masu bincike ne suke kafa sansani a tsakiyarta, su haƙa ƙanƙarar su zaro ta doguwa-doguwa kamar rake, wai a cikinta suke karanta yadda duniya take a zamanin da. Shi aikinsa kada injin ya mutu, don in ya mutu mutanen ma ba za su daɗe ba.

Cikina ya fito sosai lokacin da zai tafi. Da safen da nake ninke masa kaya na yi ƙarfin hali na yi masa maganar. Ya yi dariya.

"Wannan ne ya hana ki sakewa? In mace ce, Innarki ce. Na yi miki alkawari."

"To ka gaya wa Baba tun yanzu."

"Haba. Cikin ma wa ya taɓa ambatonsa a gidan nan? In tsaya gaban Baba in fara zancen sunan abin da ba a haifa ba? Kafin ki sauka na dawo. Da bakina zan faɗa."

Na yarda. Ban ga dalilin ƙin yarda ba.

Waya ɗaya ce a sansanin nasu, bi da bi suke yi, sai ranar Juma'a take zuwa hannunsa, ita ma ɗan lokaci kaɗan. Muryarsa takan makara a hanya. In na yi tambaya sai in ji shiru, in sake yi, sai amsarsa ta faɗo a kan tawa maganar, mu yi karo, mu tsaya tare, mu sake farawa tare. Rabin lokacin a haka yake ƙarewa. Ya ce mini rana ba ta faɗuwa a can, zagaye sama kawai take yi kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Salla da agogo yake yin ta, tunda ba asuba ba magariba. Ba bishiya, ba zakara, ba ko ƙuda. Ni mai tsoro ce tun asali, komai ƙanƙantar abu sai na juya shi a raina har ya zama dutse. Na riƙa tunanin yatsunsa, da hancinsa, da ranar da injin zai ƙi tashi. Amma duk Juma'a, kafin wayar ta yanke, sai na saƙa maganar.

"Ka dai tuna."

"Na tuna, sarkin naci."

Naƙuda ta zo mini kafin lokacin da nas ta faɗa. Sanyi ya fara janyewa, mangwaro ya yi fure. Hajiya ce ta kai ni asibiti, ita ta riƙe mini hannu, ita ta fara karɓar jaririyar. Dole in faɗi wannan, don ba ta taɓa cuta ta ba. Da nas ta ce mace ce, sai na juya fuskata bango na yi kuka, suka ɗauka zafin haihuwa ne.

Da muka koma gida Baba ya yi mata kiran salla a kunne, ya ce zaɓen suna kuwa a jira ubanta, tunda a cikin makon nan ake sa ran dawowarsa. Raina ya kwanta. Washegari Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta iso daga Salka a kan babur, da gero da kanwa da ɗaurin itace, don ita za ta yi mini wankan jego. Da ɗaki ya rage daga ni sai ita, ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon zane mai ruwan bula, ya koɗe a wajen ninki. Na gane shi tun kafin ta warware. Da shi Inna take zuwa kasuwa.

"Tun ranar na ɓoye miki shi," in ji Gwaggo. Ta ɗauki jaririyar ta kwantar a kai, ta sunkuya ta ce a hankali, "Sannu da dawowa, matar yayana. Kin same mu lafiya?"

Gwaggo kaɗai na gaya wa alkawarin.

Kwana biyu da haihuwa maigidana ya samu ya bugo, ba ma ranar Juma'a ba, abokan aikinsa suka bar masa wayar. Murna ta hana shi magana sosai. Ya ce aikin ya ƙare, suna kwance tantuna, gobe ƙaramin jirgi zai zo ya kwashe su zuwa babban sansani a bakin teku, daga can babban jirgi zuwa Afirka ta Kudu, daga can gida. Ya ce in komai ya tafi daidai, ana gobe suna zai kwana a Kontagora.

"In bai tafi daidai ba fa? Ka gaya wa Baba yanzu, ga shi can a zaure, bari in aika masa da wayar."

"Ke, wannan ba maganar waya ba ce. Mutum ya tsallake sunan uwarsa ya ɗauko na surukarsa, sai ya zauna ya yi bayani da ladabi. Ki bar mini."

Washegari bayan azahar ya sake kira, muryar tana yankewa. Jirgi bai zo ba. Iska ta taso. Ya ce za a sa wayar a akwati tare da sauran kaya, kada in damu in na ji shiru. Daga nan kuwa na ji shirun.

Ban taɓa sanin iska na hana jirgi tashi ba. A tsakar gidanmu akwai darbejiya, daga kan gado nake hango ta ta taga. A kwanakin nan ko ganye ɗaya ba ya motsi, zafi ya fara danna gari. Sai in zauna ina kallon bishiyar ina jin haushin wata iska da ban taɓa gani ba. Safe da yamma Gwaggo ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganye ta riƙa fyaɗa mini a jiki, tururi ya rufe mu, ni kuwa bakina yana ta motsi. Allah ka kwantar da ita. Allah ka buɗe musu sama. Wayata tana ƙarƙashin matashi, kullum cike da caji. In wuta ta ɗauke sai in roƙi matar Yaya ta kai mini ita shagon mai caji, in kasa cin abinci har ta dawo.

Na ce wa Gwaggo ko za ta ɗan sa wa Hajiya maganar a kunne. Ta daina dama kunun ta dube ni.

"Ɗiyata, mu dangin mace ne. Namu wanka da kunu. Suna na gidan uba ne. In na buɗe baki a kan wannan, gobe a ce mutanen Salka sun zo raba mana gida, ke kuma a nan za ki zauna bayan na tafi."

Sau ɗaya Baba ya zo bakin ƙofata ya tsaya daga waje.

"Yaya mai jego? Yaya baƙuwar tamu?"

Na ja mayafi na rufe kaina. Maganar tana nan a bakina, na ji ta kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya sa mana albarka ya wuce.

Ana gobe suna aka shigo da rago aka ɗaure a gindin darbejiya. Aka kawo goro da dabino. Na tambayi matar Yaya ko an ji wani labari, ta ce ita dai ta ji maza na cewa iska ce ta riƙe shi, amma yana lafiya. Na ce ko za a ɗaga sunan. Ta yi dariya.

"A ɗaga? An gaya wa liman, an gayyaci unguwa, 'yan Ibeto ma sun taso. Ai suna ba ya jiran kowa, ko uban yana Makka."

Da safe bayan an fito masallaci maza suka taru a ƙofar gida. Ina zaune a bakin gado da sabon kaya, jaririyar tana kan zanen Inna. Ina jin muryar liman sama-sama, sai amin, sai amin. Can mata suka ɗauki guɗa daga zaure har tsakar gida. Matar Yaya ta ɗaga labule tana haki.

"Hajiya ƙarama. An yi wa Hajiya takwara."

Hajiya ta shigo bayanta tana share ido da gefen mayafi. Ta karɓi yarinyar, ta ce duk jikokinta ba a taɓa yi mata takwara ba sai yau, ta ce ta san ɗanta ba zai manta da ita ba ko yana ƙarshen duniya. Ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta sa mini a tafin hannu, ta ce in ajiye wa takwararta. Na durƙusa na yi godiya. Gwaggo tana tsaye a lungu, ta yi guɗa ita ma, don in ba ta yi ba za a lura. Tata ta fito gajera.

Ban ga laifin maigidana ba. Wallahi ko kaɗan. Har tausayinsa na riƙa ji, ina cewa yana can cikin tanti, ba waya, yana ƙirga kwanakin da suke wuce shi, ransa yana ƙuna kamar nawa. Iska na tsine wa. Duk wadda ta zo barka ta ce ashe maigida bai samu zuwa ba, sai in ce iska ce. Na faɗa har kalmar ta yi mini ɗaci a baki.

Bayan 'yan kwanaki ya iso, da rana tsaka, a motar haya daga Abuja. Da na leƙa ta taga ban gane shi nan da nan ba. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin tana saɓa, sai zagayen idanunsa da suka yi fari inda tabarau yake zama. Gemu ya cika, leɓe ya tsattsage. Gumi yake yi kamar an kwara masa ruwa. Ya leƙo ɗaki ya gaishe ni, ya ɗauki yarinyar ya daɗe yana kallon ta, amma Hajiya da Gwaggo suna ciki, ba halin wata magana. Kafin ya ajiye ta ma an fara sallama a waje.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, daf da tagata. Baba a kujerarsa, Yaya, da maƙwabta, da abokansa na gareji. Aka kawo masa ruwan randa ya ƙi na firiji, ya ce ya ga ƙanƙarar da za ta ishe shi har lahira. Aka yi dariya. Ni ina bayan labule ina shayar da yarinya, komai ina ji.

Ya iya ba da labari, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya ce sun kwance tantuna duka sai ɗaya, sun ɗaure kaya, suna jiran jirgi, sai sama da ƙasa suka haɗe suka zama fari ɗaya. In ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Igiya suka ɗaura daga tanti zuwa inda injin yake, da ita yake lalube ya je ya duba shi ya dawo, don in ka saki igiyar ka yi taku kaɗan, shi ke nan, ba mai sake ganin ka. Suka cushe a tanti ɗaya, maza da ba su yi wanka ba tun tuni.

"Ashe Turawa ma suna wari," in ji wani abokinsa.

"Su suka fi mu ma. Nasu na tsamin madara ne."

Ya ce da iskar ta faɗi, sai suka fita suka share filin, suka kafa tutoci a jere don matuƙi ya gane inda zai sauka. Jirgin ba taya gare shi ba, wasu dogayen faranta ne a ƙafarsa, a kansu yake zamewa. Kuma ba ya kashe injin in ya sauka, don in ya huce ba zai sake tashi ba. Haka suka riƙa loda kaya farfela tana watsa musu ƙanƙara a fuska. Akwatunan ƙanƙarar da aka haƙo su aka fara sakawa, a hankali, kamar ƙwai.

"Mu kuwa a kan jakunkuna muka zauna, gwiwa a haɓa. Sai gangunan ƙazanta a bayanmu."

"Wace ƙazanta?" in ji Yaya.

"Ta bayan gida mana. Can ba a barin komai. Duk abin da ka ajiye, da shi za ka fito."

Wani tsoho maƙwabcinmu ya tafa hannu. "Yanzu kashinka ya hau jirgin sama, ni da shekara saba'in ko Minna ban taɓa zuwa a mota mai sanyi ba?"

Har Baba sai da ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi a bayan labule, ban ɓoye ba.

Ya ce a cikin jirgin ba ka jin maganar na kusa da kai don ƙara. Ya leƙa taga ya ga inda suka zauna wata da watanni, ba abin da ya rage sai ɗan tabo, kafin ya ƙifta ido shi ma ya ɓace. Daga nan fari, fari, fari, har ido ya gaji. Wani Bature da ya fi kowa surutu a sansani ya rufe fuska da hula yana kuka. Can suka hango duwatsu baƙaƙe, sai teku, sai babban sansanin.

"Nan kam duniya ce. Gidaje na gaske, ruwan zafi, burodi sabo. Waya kuwa yadda kake so, ba layi ba bi da bi. A nan muka sake zama jiran babban jirgi, shi ma iskar ta riƙe shi. Ai daga nan na kira ka, Yaya."

"Ƙwarai," in ji Yaya. "Ana gobe suna, bayan la'asar, muna ɗaure rago. Na ce maka Baba na tambaya ko kana da suna a ranka."

"Na ce duk wanda Baba ya zaɓa."

"Haka ka ce. Allah ya yi maka albarka," in ji Baba.

Yarinyar ta saki nono ta yi barci. Ban rufe ƙirjina ba, na zauna haka nan. Na sa hannu ƙarƙashin matashi na taɓa wayata. A ranar da yake faɗa, bayan la'asar ɗin, ina nan a kan gadon nan, ina jin kukan ragon ta taga, bakina yana roƙon Allah ya kwantar da iska. Wayar tana cike. Ba ta yi ƙara ba.

Ya ci gaba da labarinsa. Ya ce da babban jirgin ya sauka a Afirka ta Kudu aka buɗe ƙofa, ƙamshin ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge shi har ya kusa faɗuwa, ashe duk watannin nan hancinsa bai shaƙi komai ba sai dizal. Ya ce da magariba ta yi ya tsaya a taga yana kallon duhu kamar baƙon abu. Mutane suna ta mamaki, ana Allah mai iko. Labari ne mai daɗi. Na san da a wata rana na ji shi, da na roƙe shi ya maimaita mini.

Sai bayan la'asar mutane suka watse ya shigo. Gwaggo ta ɗauki tukunyarta ta fita hura wuta, ta ja mana ƙofa. Ya zauna a bakin gado ya buɗe jaka. Ya ciro turare, da 'yar hular ulu wadda ba yaron da zai iya sawa a Kontagora a wannan zafin, da wani tsuntsun roba mai baƙin baya da farin ciki, yana tsaye kamar mutum. Ya ce irinsu ne a bakin tekun can. Ya ajiye shi kusa da kan yarinyar.

"Hajiyata," ya ce. "Kin ga abin da na kawo miki?"

Na ce, "Ashe akwai waya."

Bai ɗago ba. Ya gyara wa tsuntsun zama.

"Kin ji ke nan."

"Tagar a buɗe take."

Ya daɗe yana murza gemu. "Yaya ya sa wayar a fili a zaure, kowa na ji. Baba na zaune, Hajiya na tsaye a kansa tana tambaya ko ina cin abinci. Muryarta na rawa. Sai aka jefo mini tambayar. Me kike so in ce?"

"Abin da ka ce mini."

"A gabanta? Ta waya? Ke ba ki san yadda na ji ba. Wata da watanni ban sa uwata a ido ba."

"Ni shekara nawa?"

Daga waje ina jin Gwaggo tana fasa itace, tana buga shi da ƙarfin da bai kamata ba.

"To ni me ya hana ka kira ni?" na ce. "Ko ka ce mini ka kasa. Da na daina wahalar da bakina."

"Na ɗauki wayar. Ban san me zan ce miki ba."

"Sai ka bar ni da iska."

"Ki yi haƙuri. Abin ya riga ya wuce, ba a warware suna. Kuma ai ba daga ita aka rufe ba. In Allah ya kawo wata, wallahi tun ranar haihuwa zan faɗa."

Na dube shi, da farin zagayen idanunsa da tsagaggen leɓensa. Mutumin da ya riƙe igiya cikin abin da ba a ganin yatsa ya je ya duba injin ya dawo. Ya ɗauka na haƙura, ya miƙo mini turaren.

Da yamma wajen wanka na gaya wa Gwaggo. Ba ta tsaya ba, ta ci gaba da fyaɗa mini ganye. Sai da ta gama ta ce, "Juya bayanki." Da na yi arba'in ta koma Salka. Zanen ta bar mini, da shi na goyi yarinyar har ya yage a tsakiya, na ninke na sa a ƙasan akwati.

Labarin jirgin nan ya zama abin hira a gidanmu. Duk baƙon da ya zo sai an ce ya ba shi, kuma kullum ana zuwa wajen gangunan sai a fashe da dariya. In aka kai babban sansani, yanzu yakan tsallake zancen wayar in ya san ina kusa. Baba ne ke tuna masa. Yana jin daɗin wannan wajen, yakan ce a nan ya san ya haifi ɗa.

Haihuwata ta biyu namiji ne. Sunan Baba ya ci, ba wanda ya tambayi kowa, ni ma ban sa rai ba. A wannan haihuwar na zubar da jini da yawa, likita ta ce in dakata, ta kuma ce ba ta yi mini alkawarin komai ba a gaba. Maigidana ya ce Allah ne mai bayarwa. Haka ne.

Yarinyar yanzu tana gudu ko'ina, bakinta ya buɗe. In na tsaya a ƙofar ɗaki na ce Hajiya, su biyu suke amsawa, tsohuwar daga ɗakinta, ƙaramar daga gindin darbejiya, gida ya ɗauki dariya. Suna son juna sosai, a kwano ɗaya suke cin tuwo. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan, kuma ba wanda zan ce wa.

Kwanan baya duk gidan suka tafi biki Ibeto, aka bar ni da yara don ƙaramin ba ya jin daɗi. Da hantsi ina wanki a tsakar gida, ita tana zaune a ƙasa ta ba ni baya, tana yi wa tsuntsun roban nan wanka a murfin kwano. Fentinsa duk ya goge. Na duba zaure, ba kowa. Na tsame hannuna daga kumfa.

Na ce, "Inna."

Muryar ta fito mini wata iri, kamar ta yarinya. Ta ci gaba da zuba wa tsuntsunta ruwa. Na ɗan ɗaga murya na sake kira. Ko kunnenta bai motsa ba.

Sai na ce, "Hajiya, zo ki miƙo mini sabulu."

Ta taso da gudu.